Koren ruwan tafkin tace ƙazanta, su wa ke aiki a ciki?

Yawancin mutane in suka ga tafkin da ake tara ruwan masai da na kwata ya yi kore shar sai su toshe hanci su ce ai ya lalace, alhali masu aikin tace ruwa wannan koren suke nema. Tafkunan nan fa ba inji, ba ruwansu da NEPA, rana ce kawai da wasu ƙananan halittu, shi ya sa suka karɓi ƙasashe masu zafi, irin manyan nan na Dandora a Nairobi.

Galibi a jere ake haƙa su. Na farko mai zurfi ne, mita 2 zuwa 5, nan dauɗa ke kwanciya a ƙasa ta ruɓe. Na biyun bai cika wuce mita 2 ba, kuma a nan ake harkar da ta fi burge ni. Bakteriya su cinye ƙazantar su saki iskar kabon da amoniya da fosfet, su kuma gansakuka da sayanobakteriya, waɗannan masu launin kore-shuɗi da ke haɗa abincinsu da hasken rana, su kwashe abin da aka sakin su mayar da oksijin, wanda shi bakteriyan suke jira su ci gaba da aiki. Ba ni gishiri in ba ka manda kenan. Wajen azahar zuwa la'asar in rana ta take, gansakukan da sayanobakteriyan suna zuƙe kabon ɗin da sauri har ma'aunin pH, mai nuna tsamin ruwa ko kaifinsa irin na kanwa, ya haura 9, ga oksijin ya yi yawa ga haske, sai ƙwayoyin cutar bayan gida irin su E. coli su yi ta mutuwa ba tare da an zuba kulorin ko ɗigo ba. Da dare kuwa kowa shaƙa yake ba mai bayarwa, kafin asuba oksijin ya yi ƙasa sosai.

To amma gaskiya ni ban yarda da sayanobakteriya ɗari bisa ɗari ba. Akwai wani a cikinsu, Microcystis, yana da 'yan jakunkunan iska a jikinsa da ke sa shi tasowa sama, in zafi ya yi ruwa ya tsaya cik sai ya mamaye fuskar tafkin ya yi kauri, ya tare wa na ƙasa haske su mutu, bakteriya su ƙarar da oksijin wajen ruɓar da gawarsu, wari ya tashi. Ga kuma dafin da yake fitarwa mai lalata hanta, wanda tafasa ruwa ba ta kashe shi. A 1996 a garin Caruaru na Brazil masu wankin ƙoda fiye da 50 suka rasu saboda ruwan dam mai wannan dafin da aka yi musu amfani da shi.

Ba duka ne miyagu ba dai, sifirulina da matan Kanembu ke kwasa a yankin Tafkin Cadi su shanya a yi miya ita ma 'yar gidan ce. Matsalar, da ido ba kowa ke iya bambancewa ba, don haka in kududdufi ya yi wannan kumfar kore mai kauri kar a bar dabbobi su sha, kar kuma yara su shiga wanka.