Ƙwaryar Inna a dam ɗin Tiga

Jiya da la'asar na raka ƙanena bakin dam ɗin Tiga, iskar hunturu sai kaɗawa take. Kimiyyar teku yake karantawa, ni kuwa kullum cikin tsokanarsa nake: ina Bakano ina teku?

Ya ce, "Yaya, jefa ƙwaryar nan." Na jefa. Igiyar ruwa ta ɗaga ta, ta sauke, ta wuce ta bar ta kusan inda take. Ashe ba ruwan ke tafiya ba, ƙarfin ne ke ratsa shi.

Wai abu uku ke girmar da igiya: ƙarfin iska, daɗewarta tana busawa, da nisan ruwan da ta biyo. Su masana ke zuba wa kwamfuta, a haɗa da awon tauraron ɗan Adam, a gargaɗi jiragen ruwa tun kafin teku ya birkice. Wasu masana kimiyyar teku biyu, Sverdrup da Munk, su suka ɗora harsashin lissafin a yaƙin duniya na biyu, don sojoji su san ranar sauka gaɓa.

Muna ta surutu iska ta janye ƙwaryar can tsakiya. Ta Inna ce, har yanzu ban faɗa mata ba.