Kalmar Sirrin da Ta Shekara Biyu a Aljihun Teburina

Ranar da ɗalibina na digiri na biyu ya tsaya kare kundinsa, ni na sha tambaya a madadinsa. Farfesan da aka gayyato daga wata jami'a ya buɗe kundin ta baya, ya bi jerin manazarta da yatsa tun daga sama har ƙasa, sannan ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

"Injiniya," in ji shi, "tun da ka gama naka digirin, duniya ta daina rubutu a kan wannan ƙasar ne?"

Aka ɗan yi dariya. Ni ma na yi murmushi, irin wanda ya fi kuka ciwo. Gaskiya ya faɗa. Yawancin maƙalun da yaron ya kafa hujja da su daga tsohon kwalina suka fito, waɗanda na yi hotonsu tun ina ɗalibi, takardun har sun yi ja.

Injiniyancin gine-gine da hanyoyi nake koyarwa, ɓangaren nazarin ƙasa. Aikin yaron a kan baƙar ƙasar nan ne ta arewa maso gabas, wadda mutanen Borno ke kira firgi. Da damina ta sha ruwa ta kumbura, da rani ta tsattsage har ƙafar mutum ta iya shigewa, kwalta ko katangar da aka ɗora mata kuwa ba ta daɗewa sai ta dare. Muna gwada cakuɗa ta da tokar buntun shinkafa da ɗan siminti, ko za ta natsu ta ɗauki nauyin hanya.

Uzurina a lokacin shi ne na kowa a tsangayarmu: babu wuta, intanet ba ƙarfi, makaranta ba ta biyan kuɗin mujallu. Biyun farko akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Na ukun kuwa ban taɓa bincikawa ba, a ɗakin shan shayi na ji shi na riƙe. Idan ina neman maƙala sai in shiga Google, in ga take mai kyau, in latsa, a ce in biya dala 30 ko 40, in rufe. In abin ya matsa mini sai in roƙi wani abokina da ke karatu a Malesiya ya sauke ya turo. Haka na yi ta roƙo shekara da shekaru.

Abin da ya kai ni laburare ma ba son ilimi ba ne. Hukumar COREN, mai kula da aikin injiniya a Najeriya, ce za ta zo tantance kwasa-kwasanmu, shugaban sashe ya saka ni a kwamitin tattara takardu, aka ce in kawo jerin littattafai da mujallun da muke da su, har da na intanet. Na hau bene zuwa ɗakin kwamfutoci, wanda rabona da shi tun ranar da aka buɗe shi. Kwamfutoci a jere da tambarin TETFund, sola na aiki, fanka na juyawa, ɗalibai biyar ko shida ne kawai a ciki. Matar da ke kula da sashen, wata Hajiya mai sanyin magana, ta saurare ni har na gama, ta buga mini jerin. Sai ta ƙara da wata takarda da ban nema ba, wato rahoton yadda kowace tsangaya ke amfani da rumbunan mujallu na intanet da laburaren ke da su. Likitoci da masu aikin gona sun yi nisa. Mu injiniyoyi muna can ƙasa, kusan babu mu.

"Hajiya, ai ba a sanar da mu ba," na ce.

"Injiniya, sau biyu muka aika takarda kowane sashe, da sunan shiga da kalmar sirri. Mun kuma shirya bita. Mutum uku suka zo daga wajenku, biyu suka tafi da suka ji babu alawus."

Ban ce komai ba, domin na tuna da bitar, na kuma tuna abin da na faɗa da aka gayyace ni. Da na koma ofis na zazzage aljihun tebur. Ga takardar nan ƙarƙashin tsofaffin takardun jarrabawa, da sa hannuna na shaidar karɓa, shekara biyu cif.

Washegari na koma, wannan karon a matsayin ɗalibi. Ta fara da Research4Life, haɗin gwiwar hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da manyan kamfanonin buga mujallu, wanda ke buɗe wa makarantun ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi dubban mujallu kyauta ko a farashi mai rahusa. Ni a da na ɗauka na likitoci ne kawai, saboda Hinari, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a 2002, shi ne sunan da ya fi yawo. Ashe akwai AGORA na aikin gona tun 2003, da OARE na muhalli tun 2006, da ARDI na kimiyya da ƙere-ƙere tun 2009. Ba kowace mujalla ke buɗuwa ba, wasu kamfanonin sukan rufe nasu ga wasu ƙasashe. Amma abin da ya buɗu a ranar ya fi ƙarfin abin da zan iya karantawa a shekara.

Sai ta ce in nemi abin da nake so ta gani. Na rubuta taken kundin yaron gaba ɗaya, kalma goma sha wani abu, na latsa. Sakamako biyu, babu mai amfani. Na juyo ina shirin cewa "kin gani ko," ta miƙo mini biro da takarda.

"Abu nawa ne a cikin taken nan?"

"Uku. Ƙasar, tokar, da ƙarfafawa."

"To ita ƙasar, suna nawa gare ta a wajen masana?"

Nan na yi shiru, domin amsar tana kaina, ban dai taɓa haɗa ta da bincike ba. Mu da mutanen Indiya muna cewa "black cotton soil". Injiniyoyin Amurka da Ostireliya sun fi cewa "expansive soil". Masana ƙasar noma kuma "vertisol" suke kiranta. Duk wanda ya nemi suna ɗaya ya bar rubutun sauran a baya. Ta nuna mini yadda ake haɗa sunayen da kalmar OR (wato "ko"), a ɗaure su da na tokar da AND (wato "da"), a sa alamar zance a kan kalmomin da ba a so a raba, sannan a taƙaita shekaru. Ƙasa da minti goma, sai ga ɗaruruwan maƙalu, da yawansu daga Indiya, inda Allah ya haɗa musu baƙar ƙasa da noman shinkafa kamar mu. Ta ƙara mini dabara ɗaya wadda har yau ita na fi amfani da ita: idan ka sami maƙala mai kyau, duba waɗanda suka ambace ta daga baya. Jerin manazarta baya yake kai mutum, wannan kuwa gaba yake kai shi.

A makon nan na gano abin da ya ɓata mana aikin shekara guda. Sakamakon gwajinmu ya yi ta hawa da sauka ba dalili, yau samfur ya yi ƙarfi, gobe irinsa ya ruguje. Na zargi na'ura, na zargi ma'aikacin ɗakin gwaji, har na yi masa faɗa a gaban ɗalibai. Ashe tokar ce. Daga juji muke kwaso ta a bayan wani injin casar shinkafa, inda ake cinna wa buntu wuta a fili. Amfanin tokar yana cikin sinadarin silika da ke jikinta, shi kuma ba ya haɗuwa da siminti yadda ake so sai an ƙona buntun da zafi daidai, wajen digiri 500 zuwa 700 a ma'aunin Salsiyas. In wutar ta gaza, gawayi ya yi yawa. In ta wuce kima, silikar ta daskare ta koma kamar yashi, ba ta aiki. Kowane buhu da muka kwaso da irin ƙunarsa. Wannan ba sabon ilimi ba ne, an daɗe da rubuta shi, yana zaune a rumbun da kalmar sirrinsa ke aljihun teburina. Na je na ba ma'aikacin haƙuri. Ya ce ba komai, amma na ga alamar bai manta ba.

Daga nan na tsara wa kaina al'ada. Wasu rumbunan ba sa buɗuwa sai da intanet ɗin makaranta, domin da lambarsa suke gane mu, saboda haka nakan shiga da sassafe kafin ɗalibai su cika layin, in sauke abin da zan karanta a gida. Da farko nakan bar maƙalun da sunayen da suka zo da su, lambobi barkatai, har na tara fiye da ɗari ban san wacce ce wacce ba. Manhajar Zotero ce ta raba ni da wannan. Kyauta ce, tana adana maƙala da sunan marubuci da shekara, ta kuma jera manazarta da kanta.

Akwai shekarar da kuɗin wani babban rumbu ya ƙare ba a sabunta ba, wata da watanni ƙofa a rufe. Lokacin ne na san darajar na kyauta. AJOL ya tattara mujallun Afirka, ciki har da Nigerian Journal of Technology ta Nsukka, kuma a nan ne na fi samun gwaje-gwajen da aka yi da irin ƙasarmu da burjinmu. DOAJ, wanda aka fara a Jami'ar Lund ta Suwidin a 2003, jerin mujallu ne da kowa ke iya karantawa ba biya. In duk sun gaza, nakan rubuta wa marubucin wasiƙa ta imel, layi uku. Mafi yawansu suna turowa, wasu har da ƙarin maƙalun da ban nema ba.

Wani abin kunyar ma sai da Hajiya ta tono shi. Ina shirin neman ƙarin girma na kai mata jerin maƙaluna ta duba. Ta tsaya a kan guda biyu. Mujallar ta karɓe su cikin kwana huɗu, na biya dala, na yi ta murna. Ta neme ta a Scopus, rumbun da ke jera mujallun da aka tantance, babu. Ta neme ta a DOAJ, babu. Ta buɗe shafinta, sai ga mujalla ɗaya tana buga injiniyanci da tarihi da kiwon kaji a fitowa guda. Irin waɗannan mujallun bogi ne wani ma'aikacin laburare a Amurka, Jeffrey Beall, ya yi ta jerawa har ya rufe jerin nasa a 2017. Na cire su da hannuna kafin kwamiti ya cire mini. Kuɗin sun tafi, aikin da ke ciki ma ya tafi, tunda ba a buga abu sau biyu.

Inda har yanzu nake da ƙorafi shi ne ƙa'idojin aiki. Injiniya ba da maƙala kaɗai yake rayuwa ba, yana buƙatar kundin ƙa'ida, irin su BS 1377 na Birtaniya na gwajin ƙasa da na hukumar ASTM ta Amurka, su kuma sayar da su ake yi daban, ba sa cikin rumbunan mujallun da muke da su. Har yau akwai masu koyar da zanen kankare da tsohon hoton BS 8110, alhali Birtaniya ta janye wannan kundin tun 2010 ta koma Eurocode 2, kundin ƙa'idar Turai. Laburare ba zai san wannan ba sai mun faɗa. Da aka turo takardar neman shawarar abin da za a saya, shekaru muna mayar da ita ba komai a kai. Bara na cike ta, na kuma bi ofis-ofis har abokan aiki shida suka sa hannu.

Kuskure ɗaya kuma nawa ne ni kaɗai. Don tausayi na ba wakilin aji kalmar sirrin wani rumbu, shi kuma ya watsa ta a zauren WhatsApp. Wani yaro ya sa manhaja tana sauke mujalla sukutum, fitowa bayan fitowa. Kamfanin ya rufe wa makaranta gaba ɗaya, har da likitocin da ba su ji ba ba su gani ba. Sai da Hajiya ta yi ta rubuta wasiƙun ban haƙuri kafin a buɗe. Ba ta kai ƙarata ba. Ta dai ce daga yau in turo mata ɗaliban ta koya musu da kanta.

Haka ake yi yanzu. Duk ɗalibin ajin ƙarshe da aka ba ni, makon farko ba na karɓar take daga hannunsa sai ya hau benen nan ya zauna awa biyu, ya dawo mini da maƙala biyar na shekarun baya-bayan nan, ya kuma faɗa mini da bakinsa abin da kowacce ta gano. Suna gunaguni, wasu sukan kawo taƙaitawar farko kawai su ce sun karanta, in mayar da su. Yaron firgi kuwa ya sake gwajinsa da tokar da muka ƙona a tanderun sashe, a zafi ɗaya, sakamakon ya daidaita. Yanzu yana digiri na uku. Makon jiya ya turo mini wata maƙala da ban gani ba, ya rubuta a ƙasa: "Malam, wannan ta saɓa wa abin da muka samu, ko za ka duba shafi na 7?"