Yadda muka samu kuɗin ƙaramar hukuma muka buɗe ma 'yan gudun hijira gida, da abin da ya biyo baya

Mutane da yawa suna tambayata ya muka yi har ƙaramar hukuma ta sa kuɗi a gidan nan da muka buɗe ma matan da 'yan bindiga suka koro daga garuruwansu, wasu ma suna son su yi irinshi a unguwanninsu, to bari in faɗa maku yadda abin ya kasance, amma tun farko ku sani samun kuɗin gyaran shi ne mai sauƙin. Abin da ya kusa kayar da mu yana gaba, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Duk wanda ke zaune a Katsina ya san su, ba sai an yi dogon bayani ba. Mata da yara daga Batsari, Jibiya, Safana, Ɗanmusa, wasu har daga Ƙanƙara da Faskari, mazajen an kashe ko an sace ko sun tafi neman kuɗi kudu, su kuma suna kwana a kangaye, da rana su fita bara. Lokacin sanyi ne abin ya fi tayar da hankali, kango ba ƙyaure ba taga, buhu ake ratayawa. Mu 'yan ƙungiyar unguwa ne kawai, malaman makaranta da 'yan kasuwa da ma'aikaciyar jinya ɗaya, muka ga akwai wani tsohon gini na ƙaramar hukumarmu da ya daɗe a yashe, kwanon ya yaye, awaki ne ke kwana ciki. Muka ce me zai hana a gyara shi.

Hanyar da muka bi ba wani sirri. Mai unguwa ya kai mu wajen magaji, aka sanar da hakimi, kansilanmu ya ɗauki takardar, aka turo mutanen sashen ayyuka suka auna suka yi kiyasi, sashen walwalar jama'a suka rubuta nasu rahoton, ciyaman ya sa hannu. Muna da rajista da asusun banki da sunan ƙungiya, wannan ya taimaka sosai don ba wanda zai tura kuɗin gwamnati asusun mutum ɗaya. An ɗan sha jira kam, kuma a cikin jiran ne aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, kaya suka tashi, zuwa farkon 2024 buhun siminti ya haura dubu goma, kiyasin da aka yi ya zama tsohon labari, dole muka rage ɗakuna muka haƙura da silin. Duk da haka an yi rufi, an sa ƙyamare, an haƙa masai, an yi fenti. Ranar buɗewa har da kuka na yi wallahi.

To ga inda matsalar take. Kuɗin da aka ba mu daga ɓangaren manyan ayyuka na kasafi suka fito, wato gini, abin da ake yi sau ɗaya a gama. Shi kuma kasafin ƙaramar hukuma yana da wani ɓangaren daban na kuɗin yau da kullum, albashi da gudanarwa, kuma gidanmu ba ya ciki ko da layi ɗaya. Ba wanda ya gaya mamu haka, mu kuma a lokacin duk tunaninmu ya tafi kan rufi. Da muka yi maganar ruwa da abinci a zama na ƙarshe kafin buɗewa aka ce mamu ku dai ku sa su ciki, sauran za a duba. Muka sa mutane ciki a kan wannan za a duba ɗin.

Ko wata ba a rufa ba muka gane gida mai mutane da yawa ci yake kamar jariri, kullum sai an ba shi. Ruwa kaɗai ya isa ya karya mutum, babu famfo a layin, 'yan garuwa muke saye kura-kura, mata da yara ga wanki ga wanka ga girki. Maigadi sai an biya shi, don gida ne na mata zalla kuma ba za ka bar shi da dare ba kowa a ƙofa ba. Itace. Sabulu. Yaro ya kwana da zazzaɓi sai an kai shi asibiti an sayi magani. Sannan masai, wanda shi ne ban taɓa sa shi a lissafi ba ko a mafarki, an haƙa shi daidai gidan iyali ɗaya, sai ga shi damina na sauka ya cika ya fara tumbatsa, kuma kowa ya san abin da ke biyo bayan wannan a damina, amai da gudawa. Daren da yara suka fara gudawa ni da ma'aikaciyar jinyar nan muka kwana muna haɗa ruwan gishiri da sukari, ina ta cewa a raina mu muka kwaso su daga kango muka tara su wuri ɗaya, in wani ya mutu a nan me za mu ce ma Allah. Alhamdulillahi ba a rasa rai ba, amma kuɗin motar yashe masai daga jarin shagon wani ɗan ƙungiyarmu suka fito, kuma bai maida su ba har yanzu.

Na koma sakatariya da takarda ina neman ko ɗan wani abu duk wata. Wani dattijo a ofishin ma'aji, Allah ya saka mashi da alheri, shi ya zaunar da ni ya ce Malam ba mugunta ake maku ba, abin da ba ya cikin kasafi ba ni da inda zan rubuta shi, in na fitar odita ni zai kama. Ya ce ana tattara kasafin shekara mai zuwa ne tun kafin shekara ta ƙare, daga sassa ake turowa, in kuna so ku shiga to ta sashen walwalar jama'a za ku shiga kuma yanzu ne lokacin. Maganar da bai fi ta 'yan mintuna ba, da mun ji ta kafin mu buɗe gidan da ba mu shiga ukun da muka shiga ba. Wannan ne ke mani ciwo har yanzu, ba a ɓoye take ba, kowa a ofishin ya san ta, kawai ba wanda ya ga ya dace ya faɗa ma masu zuwa da takarda.

A tsakiyar wannan halin ne Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin nan ranar 11 ga Yuli 2024, cewa a riƙa tura ma ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye daga asusun tarayya, ba ta asusun haɗin gwiwa da jiha ba wanda sashe na 162 na tsarin mulki ya kafa. Mun yi murna, ni ina goyon bayan hukuncin har gobe don ƙaramar hukuma ita ce ta san wace ce ke kwana a wane kango. Amma ko da kuɗin sun zo kai tsaye, in babu layinka a kasafi ba abin da zai iso ka, wannan na riga na gani da idona. Sannan a Fabrairun 2025 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi 34 na jihar, shugabanni suka canza, duk alƙawarin baki da muke riƙe da shi ya tafi da masu shi. Abin da ya rage mamu shi ne abin da ke rubuce a fayil, da ma'aikatan dindindin da suka san fuskarmu. Don haka ku riƙe daraktoci da akawu da kyau, su ne ke nan bayan kowa ya tafi.

Shawarata ga mai son yin irin wannan, kar ka sa mutum ko ɗaya ciki sai ka zauna ka rubuta abin da gidan zai ci a wata, ruwa, maigadi, magani, yashe masai, ka ninka sau goma sha biyu, ka san daga ina kowace naira za ta fito, kuma a rubuce da sa hannu da hatimi. In an ce zaɓi tsakanin ƙarin ɗakuna da rijiyar burtsatse mai sola, ɗauki rijiyar. Ka sa a rubuta maku yarjejeniyar ginin shi ma, shekara nawa aka ba ku, don ginin da ka gyara ya yi kyau kowa zai so shi. Kuma kar ka jingina da gwamnati ita kaɗai, mu abin da ya tsayar da mu da ƙafafunmu wata Hajiya ce da ta yi wakafin shago, hayar na zuwa gidan kai tsaye, ita ke biyan maigadi da rabin ruwa.

Su kansu matan sun fi mu dabara. Su suka ce a daina dafa masu abinci a tukunya ɗaya a ba su jari, yanzu masu awara da ƙuli-ƙuli da masu surfe suna zuba adashe, kuma kowace na ba da ɗan abu na ruwa duk Juma'a, su suka yanke adadin da kansu ba mu ba. Wasu sun kama hayar ɗaki a cikin gari, mun tsaya masu wajen masu gida saboda ba kowa ke ba 'yar gudun hijira haya ba, muna kuma cika masu kuɗin shekarar farko. Ɗakin da aka bari kafin la'asar an samu mai shiga.

Layin namu ya shiga kasafi daga baya, ɗan kaɗan ne kuma ba kowane wata yake fitowa ba, amma akwai shi, ina da abin nunawa in na je. Yanzu masai na biyu muke tara ma kuɗi, muna so a gama shi kafin ruwa ya sauka, kuma mun gaya ma mai unguwa ba za mu ƙara karɓar kowa ba sai an gama.