Ranar da na goge fuskar Mama

Rufin majami'armu na kwano ne, ya tsufa, ƙusa ta bar masa huji nan da can. Wata Asabar cikin hunturu, aikin shara ya faɗo kan rukuninmu na matasa. Muna cikin shara ƙura ta tashi, hantsi ya biyo ta hujin nan, sai ga haske ya miƙe daga rufi zuwa ƙasa kamar an kakkafa kara. Wata yarinya ta tsaya da tsintsiya a hannu, haske ɗaya ya sauka daidai kan ɗankwalinta. Na zaro waya na ɗauka. Da na duba, babu kara babu ƙura, sai wani farin abu dishi-dishi. Abin ya tsaya mini a rai har dare, domin idona ya ga abu, wayata ta ƙi ganinsa.

Ni malamin firamare ne a gefen Zariya, ba ni da kyamara irin ta masu ɗaukar hoton biki, wayar hannu ce kawai. Wani ɗan'uwa cikin mawaƙan majami'armu ne ya nuna mini cewa idan ka taɓa wurin da ya fi haske a allon waya, wata 'yar alamar rana za ta fito, sai ka ja ta ƙasa da yatsa. Asabar ta gaba na koma na yi haka. Ɗakin ya yi duhu a hoton, karan hasken kuma suka fito sarai, har ƙwayoyin ƙura ana gani. Tun ina makarantar Lahadi na haddace cewa haske ne abu na farko da Allah ya kira cikin littafin Farawa, amma ban taɓa zama na kalli haske shi kansa ba sai ranar. Daga nan na shiga yawo da waya.

Abubuwan da na koya a shekarar farko ba su da yawa, kuma duk da kuskure na koye su. Rana tsaka ba lokacin ɗaukar fuska ba ne, tana zuba inuwa cikin kwarmin ido, mutum ya fito kamar mai jinya. Hantsi da la'asar sakaliya su ne lokacina. A hunturu sai na goge gilashin kyamara da gefen riga kafin kowane hoto, don rabin hotunan da nake ɗora wa laifin waya, ƙura ce da maiƙon yatsa. Na daina jawo abu kusa da yatsu biyu, tunda hoton fashewa yake yi, gara in taka da ƙafata in matsa. Na kunna layukan nan da suke raba allo gida tara, na daina dasa kowa a tsakiya kamar hoton katin zaɓe. A cikin majami'a kuwa, kada taga ta kasance a bayan mutum, a gefensa ake so.

Na je Wusasa sau uku saboda tsohuwar majami'ar Saint Bartholomew, wadda aka gina da ƙasa a 1929 irin ginin Hausa. Karo biyu na farko da rana na je, bangon ya fito a shafe, babu rai. Na uku na jira har rana ta karkata wajen Dutsen Kufena, hasken ya zo ta gefe, sai duk wani tudu da kwarin da ke jikin bangon ya bayyana. Amma in gaskiya zan faɗa, hotunan da na fi so ba na gine-gine ba ne. Akwai na wata mai ƙosai da asuba, hayaƙi ya rufe rabin fuskarta. Akwai na dammunan dawa da aka jera gaban bagadi ranar godiyar girbi, da kaza a ɗaure kusa da su tana kallona. Akwai na takalman yara a ƙofar aji. Yesu ya ce a dubi furannin jeji da tsuntsayen sama, abubuwan da kowa yake wucewa ya bari a hanya, ni kuma sai na ga wayar nan tana tilasta mini tsayawa in duba.

Sai na gano Snapseed. Nan ne na ɓata hanya.

Manhajar gyaran hoto ce ta kyauta, kuma tana da daɗin aiki. Ka ja yatsa sama ko ƙasa ka zaɓi abin da za ka gyara, ka ja dama ko hagu ka ƙara ko ka rage. Da farko inuwa kawai nake ɗagawa. Daga baya na fara cika launi, har sararin sama na hunturu, wanda kowa ya san fari ne da hazo, ya koma shuɗi kamar na bayan ruwan Agusta. Ganye ya zama kore shar irin wanda babu shi a gonar kowa. Ina ɗora ayar Littafi Mai Tsarki a ƙasan hoton, in tura a WhatsApp na majami'a, ana ta amin da yabo. Kaina ya fara girma.

A Zumuntar Mata tamu akwai wata tsohuwa da kowa yake kira Mama, ita ce mai kaɗa tulu. Tana da zane a kumatu, uku-uku kowane gefe, irin na mutanen da, fuskarta kuma duk tamoji. Wata Lahadi bayan sujada na same ta zaune gindin darbejiya, tulun a cinyarta, sanye da zanen zumunta. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Mama, a ba ni izini in ɗauke ki hoto." Ta yi dariya ta ce, "Ɗana, me za ka yi da hoton tsohuwa? To, ɗauka." Hasken ya zo ta gefen hagu, ya bi zanen fuskarta ɗaya bayan ɗaya. Na san na samu hoto.

Da dare na zauna gyara. Akwai wani sashe a manhajar da yake sulɓe fata, akwai kuma wanda yake share tabo. Na sulɓe goshi. Na ga ya yi kyau, na sauko kumatu. Zanen ya dame ni, na bi shi na share. Na ƙara wa fuskar haske har ta tashi daga baƙa ta koma wankan tarwaɗa. A zuciyata alheri nake yi mata. Na kai aka wanke mini shi a kati, na sa a firam, na kai mata gida da murnata.

Ta karɓa da hannu biyu, ta matsa bakin ƙofa inda haske yake, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Malam, wannan wace ce?" Na ɗauka wasa take yi. Ta ɗora yatsa kan kumatunta, ta bi zanen a hankali, ta ce, "Wannan na gidan ubana ne. Da shi aka aurar da ni, da shi aka yi mini baftisma. Ubangiji bai ce in goge ba kafin ya karɓe ni." Ba ta yi faɗa ba. Ta sa mini albarka, ta sa jikarta ta kawo mini kunu, ta jingina firam ɗin da bango, fuskarsa na kallon bangon.

Na dawo gida jikina a sanyaye. Dokar da ta hana shaidar zur na san ta tun ina yaro, amma a tunanina maganar kotu ce da baki. Mutumin da ya ga hotona ya yarda cewa abin da ke ciki na gan shi da idona, ashe shaida nake bayarwa. Littafin Karin Magana ya kira furfura rawanin daraja, ni kuma na tuɓe wa Mama nata da yatsa ɗaya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne hasken da na ƙara wa fatarta, domin babu wanda ya sa ni, daga cikina ya fito cewa fari ya fi.

Tun daga ranar na kafa wa kaina iyaka. Ina gyara abin da waya ta kasa gani, kamar inuwar da ta yi duhu fiye da yadda take, ko shuɗin da farin ƙwan lantarki yake shafa wa fuska, ko hoton da ya karkace. Ina yanke gefe idan kujerar roba ta shigo. Abin da yake jikin mutum ba na taɓawa. Na shiga saitin kyamara na kashe abin ƙawata fuska, wanda ashe a kunne yake tun da na sayi wayar. Hazo kuma na bar shi hazo, har na zo na fi son hoton rimi a tsaye cikin farin hunturu fiye da shuɗin ƙaryar da nake yi. Na rage ɗora aya ma. Wani hoton yana buƙatarta, wani kuma ayar rufe shi take yi. Ina ajiye na asali daban kafin in taɓa komai, kuma idan za a wanke hoto, a matsayin fayil nake tura shi, don WhatsApp yana matse hoto ya rage masa kyau.

Mama ta huta bayan Ista ta shekarar da ta biyo. Babbar 'yarta ta zo makaranta ta same ni, ta ce suna neman hoton da za a sa a takardar jana'iza, wanda suke da shi na katin zaɓe ne. Gabana ya faɗi, don lokacin da na ɗauki hoton ban fara ajiye na asali da gangan ba, kuma na sake waya. Na shiga Google Photos, manhajar da take adana hotunan waya a intanet, ina ja ƙasa, wata bayan wata, hannuna na rawa, sai ga shi, ranar Lahadin nan, gindin darbejiya. Na ɗaga inuwar gefen dama kaɗan don idonta ya fito, na yanke ƙafar wani yaro da ta shigo ta gefe, na tsaya nan.

Ranar jana'iza matan zumunta suka jeru da zanensu iri ɗaya, wata ce ta riƙe tulun. Jikar nan da ta kawo mini kunu tana zaune a bencin gabana da takardar a hannu. Na ga ta ɗora yatsa kan hoton tana ƙirga wa ƙaninta zanen kakarsu, uku a nan, uku a can.