Hoyar da na kusa kashewa da kulawa

Hoya shukar ado ce mai yaɗo da ake ajiyewa a ɗaki, tawa ta farko kuma ba saya na yi ba. Yayata ce ta yanko mini wani ɗan reshe daga jikin tata, tsawonsa bai wuce yatsa ba, da ganye biyu masu kauri da sheƙi kamar an shafe su da kakin zuma. Ta miƙo mini shi cikin kofin ruwa ta ce, "Ki ajiye kusa da taga, ki manta da shi." Na ce, "To, Yaya." Ban manta ba kuwa, kuma da na ji maganarta da ban yi asarar kusan shekara guda ba.

Sati uku yana cikin ruwa sai ga fararen saiwoyi sun ɓullo. Murna ta sa na samo babbar tukunya, na cika ta da baƙar ƙasar lambu, na dasa shi, na kuma mayar da ban ruwa aikin kowace safiya. Bayan wata biyu ganyen suka yi laushi suka fara yamutsewa. Ni a ganina ƙishi ne, sai na ƙara ruwa. Ranar da na gaji na tumɓuke shi, wari ne ya fara tarbata. Saiwoyin sun koma ruwan ƙasa, in ka ja ɗaya sai fatar ta saɓule ta bar wani siririn zare. A nan na gane abin da ke rikita sabon shiga: ganyen hoya mai ƙishi da na hoyar da ruwa ya yi wa yawa kamarsu ɗaya. Saiwar da ta ruɓe ba ta iya sha, don haka shukar na zaune cikin ruwa tana mutuwa da ƙishi.

Sai a lokacin na nemi sanin ina ne asalinta. Hoya 'yar dazuzzukan Asiya ce masu zafi da ruwan sama, irin su Filifin, Indonesiya, Malesiya da Tailan, har zuwa arewacin Ostireliya, kuma nau'o'inta sun kai ɗaruruwa. Yawancinsu ba a ƙasa suke rayuwa ba, a jikin bishiya suke maƙalewa. Ba irin maƙalewar kauci ba, mai tsotse bishiyar da ya hau. Ita wurin zama kawai take aro. Ruwan sama ya jiƙa saiwoyinta, iska ta busar da su cikin 'yan sa'o'i. Wannan ce shukar da na binne cikin taɓo. Masanin tsirrai Robert Brown ne ya raɗa mata suna a 1810, don karrama Thomas Hoy, mai kula da lambun wani basarake kusa da Landan. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne jin cewa danginsu ɗaya da tumfafiya. Duk wanda ya taɓa ƙura wa furen tumfafiya ido ba zai yi musu ba idan ya ga na hoya.

Na yanke ruɓaɓɓen ɓangaren da reza, na bar gaɓa ɗaya mai lafiya, na koma farko. Da sababbin saiwoyi suka fito sai na haɗa mata abin da ya fi kama da jikin bishiya: ɓawon itace da aka farfasa, gutsattsarin ɓawon kwakwa, ɗan gawayi, da farar tsakuwar nan marar nauyi da masu lambu ke kira falait, ƙasa kuwa ɗan kaɗan. In ka zuba ruwa a kai, nan take yake zurarewa ta ƙasa. Tukunyar ma na canza zuwa ƙarama ta yumɓu mai huji. Hoya ta fi son matsatsi. Babbar tukunya na riƙe danshi a inda saiwa ba ta kai ba, daga nan ruɓa ke farawa.

Yanzu ba na ƙirga kwanaki. Ina ɗaga tukunyar in ji nauyinta, in tura yatsa ciki, wani lokaci in ɗan lanƙwasa tsohon ganye. Idan ya ƙi lanƙwasuwa, tana da ruwa a jikinta, sai in wuce. Idan ya fara bin hannu, in ba ta ruwa har ya tsiyaye. Da zafi hakan kan zo kusan kowane mako, da sanyi kuwa takan kai sati biyu ko uku. Tawa nau'in da ake kira Hoya carnosa ce, kuma in ruwa ya yi mata ƙaranci tana da dabarar rufe ƙofofin ganyenta da rana ta buɗe su da dare, don kada danshi ya tsere. Haske kuwa mai yawa take so, amma ba ranar tsaka ba. Sau ɗaya na fitar da ita waje, ganye uku suka ƙone, tabon na nan har yau. Tagar da ke samun hantsi ta ishe ta.

Kuskurena na biyu da almakashi na yi shi. A shekara ta biyu ta fitar da wani dogon reshe tsirara, babu ganye ko ɗaya, yana ta lilo a iska. Ya yi mini muni, na datse. Ashe haka take yaɗo: sai ta aika reshen ya nemo abin da zai nannaɗe, ganye ya biyo baya. Na gaba da ya fito na lanƙwasa masa waya zagaye, ya hau abinsa.

A shekara ta uku ne ta yi fure. Wata 'yar sanda ta fito daga gaɓa, a bakinta wasu ƙananan ƙullutu da suka ɗauki makonni suna kumbura. Na farkon ma zubewa suka yi, don na ɗauke tukunyar na kai inda baƙi za su gani. Na biyun ban taɓa ko gefenta ba. Suka buɗe gaba ɗaya, dunƙule guda kamar rabin ƙwallo, kowane fure tauraro mai tsini biyar, fari-fari da ɗan gashi mai laushi, a tsakiyarsa wani ƙaramin tauraron mai jan ido. Da rana ba ka jin komai. Da magariba ta yi sai ƙamshi ya cika ɗakin, kowane fure kuma da ɗigon ruwan zaƙi yana reto a bakinsa. Bayan kamar mako guda suka kakkaɓe, sandar ta rage ita kaɗai, busasshiya a ido. Na ɗauko almakashi.

Da na ba Yaya labari a waya, shiru ta yi, sannan ta ce, "Ke dai hannunki ba ya zama. Wannan sandar ita ce jarin." Hoya a kan sanda ɗaya take maimaita fure shekara da shekaru, kowane zagaye ya bar zobe a bakinta, tana ƙara tsawo. Ta Yaya akwai wadda ta kai rabin yatsa saboda tsufa. Ni sai da na jira shekara guda cur kafin wata ta fito.

Yaɗa ta shi ne abin da ya fi sauƙi, muddin an gane gaɓa. Gaɓa ita ce inda ganye biyu suka haɗu da kara, daga nan sabon toho ke fitowa. Ina yanko reshen da ya ɗan ƙosa, mai gaɓa biyu, in cire ganyen ƙasa, in bar yankan ya sha iska na 'yan sa'o'i. Nau'o'i da yawa na fitar da farin ƙaro mai danƙo, shi ya sa nake wanke hannu bayan na gama. Na gwada ruwa, na gwada falait mai danshi da aka kifa wa leda mai 'yan huji. Ruwa ya fi daɗin kallo, amma waɗanda suka yi saiwa a falait sun fi jure dashe a wurina. Tsakanin sati uku zuwa shida saiwa kan fito idan akwai ɗumi. Daga nan sai dogon shiru, wani lokaci wata uku babu sabon ganye. Ba mutuwa ta yi ba, aikin a ƙasa yake.

Abokin gabarta ɗaya ne ya taɓa damuna, wani farin ƙwaro mai kama da ɓurɓushin auduga da ke ɓuya a hammatar ganye yana tsotsa. Auduga da sifirit nake bin su da shi ɗaya bayan ɗaya, in maimaita duk mako har su ƙare. Sabuwar shuka kuma ba ta shiga cikin tsofaffi sai ta yi sati biyu a ware.

Akwai wata a gefen tagar da ban san yadda zan yi da ita ba. Hoya kerrii ce, mai ganye siffar zuciya, wadda ta samo sunanta daga Arthur Kerr, likitan da ya tattara tsirrai a Tailan. Ganye ɗaya tal aka ba ni, a tsaye cikin 'yar tukunya. Na tona a hankali na duba: saiwa cike, amma babu ko ɗigon gaɓa, an yanke shi ne daga wuyan ganyen. Irin wannan yakan rayu shekaru ba tare da ya ƙara komai ba. Nawa ya shiga shekara ta biyu ke nan, kore shar, bai girma ba, bai mutu ba. Yaya ta ce in jefar. Jiya ma na ba shi ruwa.