Ƙafar da ta saba zuwa gaba

A watan Satumban 2019 ina karatu a Atlanta, sai wani abokin karatuna ya ja ni filin Bobby Dodd mu kalli ƙwallon ƙafar Amurka. Ƙungiyar jami'ar Georgia Tech ce ta karɓi baƙuncin The Citadel, wata ƙaramar kwalejin soja wadda ko rukuninsu ba ɗaya ba. Aka tashi 27 da 24 bayan ƙarin lokaci, baƙi suka yi galaba. Abin da ya fi ƙona wa magoya baya rai shi ne, salon da Tech ta yar watanni kaɗan kafin nan, da shi aka doke ta.

Shekara 11 cur, daga 2008 zuwa 2018, kocin Tech, Paul Johnson, yana kai hari da salon zaɓi uku. Da an sako ƙwallo, kwatabak, wato jagoran hari, zai dubi masu tsaron baya biyu, ɗaya bayan ɗaya, ya yanke shawara nan take: ko ya cusa wa wanda ke bayansa, ko ya ruga da ita da kansa, ko ya cilla wa na gefe. Jifa mai nisa sai jefi-jefi. Da wannan suka ci wasa 11 a kakar 2014, har suka lallasa Mississippi State 49 da 34 a Orange Bowl, wani babban wasan ƙarshen kaka. Da Geoff Collins ya karɓi ragama, ya kawo salon da ya dogara da jifa, a kakar 2019 ƙungiyar ta ci wasa 3 ta sha kashi a 9.

Ni dai idona ya fi tsayawa kan ƙattin nan biyar na sahun gaba. An zaɓo su ne saboda sauri, an horar da su su sunkuya su faɗa gaba su sare ƙafar abokin karawa. Yanzu kuma aka ce su ɗaga ƙirji, su riƙa ja da baya taku-taku suna kare mai jifa. Kana kallo za ka ga kai ya gane umarnin, amma ƙafa tana neman zuwa gaba. Wannan ɗan jinkirin na ƙiftawar ido ya isa a kayar da kwatabak. Har ga Allah tausayinsu na ji, don ba rashin iyawa ba ne, aikin da aka ɗauko su dominsa ne aka canja.

Ban san darasin ya zauna mini ba sai da na dawo gida aka ba ni kula da sito a wani kamfani. Na zo da zumuɗin mayar da duk lissafin kaya cikin kwamfuta a wata ɗaya. Akwai wani dattijo da ya shafe shekaru yana riƙe da littafin shige da fice, wanda da ido kawai yake sanin buhu nawa ne a jere. Sati biyu da farawa lissafi ya rikice, na same shi yana neman harafi ɗaya-ɗaya da yatsa, direbobi na jira a waje.

Na ce, "Baba, me ya faru?"

Ya ce, "Injiniya, kayan na sani, wannan allon ne ban sani ba."

Nan take ƙattin Atlanta suka faɗo mini a rai. Na tsara aiki ban tsaya na dubi hannun da zai yi shi ba. Washegari na mayar masa da littafinsa, na haɗa shi da wani matashi mai saurin hannu. Baba ya ƙirga ya rubuta, da yamma su zauna tare su shigar. Allon kuma na sake masa fasali ya yi kama da shafin littafin, layi-layi yadda ya saba gani. Sai da muka yi wata biyar maimakon ɗaya, kuma a wata na huɗu Baba ne ya gano kuskuren buhunan da ni na shigar sau biyu.