Tallafin da sai mai imel ke samu

Satin da ya wuce Kawu ya kira ni wai in zo in cike masa fom ɗin tallafin rance na gwamnati na masu ƙananan sana'o'i. Shi walda yake yi a ƙauye, ya fi shekara ashirin yana gyaran garma da amalanke da ƙyauren ƙofa. Na zauna da wayata muka fara, shafin farko imel, na biyu shaidar rajistar kasuwanci, na uku bayanan shige da ficen asusun banki na wata shida, sai kuma takardar fili ko gida da za a ajiye jingina. Ya kalle ni ya ce, "Kai yaro, filin nan gadonsa na ci, ba wanda bai san nawa ba ne, wace takarda kuma?" Muna cikin haka sabis ya ɗauke, duk abin da na rubuta ya goge.

Wallahi wanda ya tsara fom ɗin nan ɗan birni yake gani a ransa. Ka duba ma sharaɗin biya, wai duk wata, alhali masu kawo wa Kawu aiki manoma ne, yawancinsu sai kaka ta yi suke biyansa, to a ina zai samo na watan Yuli?

Ba na ce rance bai da amfani ba fa. A 1976 wani malamin jami'a, Muhammad Yunus, ya ranta wa mutum 42 dala 27 a ƙauyen Jobra na Bangladesh ba tare da jingina ba, a 1983 gwamnatin ƙasar ta yi dokar da ta mai da aikin bankin Grameen. Abin lura, bankin ne ke zuwa ƙauye ya sami mutane, ba su ke hawa mota su je layi ba.

Amma ni dai abin da na gani da idona, matsalar Kawu ta fi ƙarfin jari, wuta ce. Janareta yake tayarwa ko ƙusa ɗaya zai liƙa, ribar duk ta tafi a mai, in ka ba shi rance ma can zai ƙare kuma ga bashi a wuya. Amurka ta taɓa zama haka, a 1935 kusan gona ɗaya cikin goma ce ke da lantarki don kamfanoni sun ƙi jan waya zuwa karkara wai ba riba, sai gwamnatin shugaba Roosevelt ta kafa hukumar lantarkin karkara ta riƙa ba ƙungiyoyin manoma rance mai sauƙin ruwa suna kafa turakunsu da kansu, kafin shekara ashirin kusan tara cikin goma sun samu. Indiya kuma a 2000 hanyoyin ƙauye ta sa a gaba, irin waɗanda damina ba ta yankewa. Irin wannan aikin ba ya hoto da kyau kamar miƙa babban cek a gaban kyamara, ina jin shi ya sa ba a cika rububinsa ba.

Na ce wa Kawu in na koma gari zan sake gwadawa, in buɗe masa imel ɗin. Ya ce to Allah ya yi albarka, ya jawo igiyar janareta, akwai mai amalanke yana jiransa tun safe.